Manet biyu, tele ɗaya: yadda ake shirya wasan haɗin gwiwa da aboki a Yamai

Wanda ya leƙa gidan wasan PS a Bukoki ko Yantala ko Harobanda, abu ɗaya zai tarar: mutum biyu na karawa a ƙwallo, wanda aka ci ya miƙa manet, na bayansa ya zauna. Akwai wani nau'in wasa da ba a cika bugawa ba a garin nan, wanda ku biyu ɓangare ɗaya kuke, na'ura ce abokiyar gaba. In ɗaya ya faɗi ɗayan ya tada shi, kuma ƙofa ba ta buɗuwa sai kowa ya yi nasa aikin. Shi ne wasan haɗin gwiwa, a cikin menu za ku ga an rubuta "Coop" ko "Coopération". Shawararmu tun daga farko ita ce, in aka dubi halin kuran da rezo da kuɗin forfe a Yamai, wasan da za ku yi zaune kafaɗa da kafaɗa a gaban tele ɗaya ya fi na intanet nesa ba kusa ba. Don haka da shi za mu fara, na intanet ya biyo baya.

Kafin ku sayi komai, ku duba bayan kwali

Hanya uku ake haɗuwa. Ko dai na'ura ɗaya da manet biyu, ko na'ura biyu a ɗaki ɗaya da wifi ya haɗa su ba tare da intanet ba, ko kuma kowa yana gidansa intanet ya haɗa ku. Kuskuren da ya fi cinye kuɗin mutane shi ne sayen faifai don an ce "ana bugawa da aboki", a zo gida a tarar ta intanet kawai ake nufi. GTA V misali ne: komai yawan manet ɗin da kuka jona, mutum ɗaya ke bugawa a kan tele ɗaya.

A bayan kwalin faifan PlayStation akwai ƙananan akwatuna. Wanda aka rubuta "1-2 joueurs" ko "1-4 joueurs" shi ne adadin masu bugawa a na'ura ɗaya. Wanda ke ɗauke da "en réseau" ko "en ligne" na intanet ne. In na farkon ya ce mutum 1, ku mayar da faifan. Ku duba lambar shekaru ta PEGI a gaban kwalin: 3, 7, 12, 16 ko 18. In da ƙane ko ɗa za a buga, wannan lambar ta fi hoton kwalin faɗin gaskiya.

Manet na biyu

A PS4 ga yadda ake yi. A jona manet ɗin da na'ura da kabul mai ƙaramin baki irin na tsofaffin wayoyin Android, a danna maɓallin PS na tsakiya. Na'ura za ta tambayi wane ne mai wannan manet. A nan mutane ke sauri su zaɓi baƙo, wato "invité", alhali duk abin da baƙo ya tara gogewa yake da zarar ya fita. In abokin zai riƙa dawowa, a buɗe masa nasa suna a "Nouvel utilisateur". Ba ya buƙatar intanet, minti ɗaya ya isa.

In manet na ƙyalli amma ya ƙi kamawa, sau da yawa laifin kabul ne. Akwai kabul na caji kawai, ba shi da wayoyin da ke ɗaukar bayani, a ido kuwa ba su da bambanci. A canza kabul tukuna kafin a zargi manet. In har yanzu ya ƙi, a bayansa kusa da L2 akwai wani ɗan rami, a sa tsinke a danne daƙiƙa 5, a sake jonawa. PS3 kabul ɗinta daban ne, bakinsa ya fi kauri, na PS5 kuma irin na sababbin wayoyi ne. Masu PS5 su lura: manet na PS4 yana aiki a kanta, amma a wasannin PS4 kaɗai. A ordinatar, a danne PS da Share tare har fitilar ta fara ƙyalli da sauri, sannan a neme shi a Bluetooth.

Wanda zai sayi manet na hannu, a Babbar Kasuwa ne ko a wurin mai gyara, kada ya biya sai ya gwada a cikin wasa. A saki sandunan biyu a zuba ido: in mutumin wasan ko kyamara na tafiya da kansu, sandar ta ci, kuma ciwon ƙaruwa yake. A latsa L2 da R2 a hankali a ji ko suna dawowa. A shafa faifan taɓawa na tsakiya, don jabu sukan gaza a nan. Sannan wata ƙa'ida da muke ganin ta dace: manet mai kyau a hannun wanda bai iya ba ake sa shi, gwani ya riƙe mai matsalar.

A tele kuma, a shiga saitin hoto a zaɓi "Mode Jeu". Tele na yi wa hoto kwalliya kafin ta nuna shi, wannan kwalliyar ke sa ka danna tsalle mutumin ya makara. In za a raba allo biyu, tele mai inci 32 ita ce ƙarama da za a ji daɗi da ita, ƙasa da haka rubutu ba ya karantuwa sai an matso.

Kuran, zafi da ƙura

Kuran namu bolt 220 ne. Kafin a jona duk na'urar da ta fito daga Amurka, a karanta takardar da ke jikinta ko jikin cajarta. In an rubuta 100-240V, ba damuwa. In 110 ko 120 kaɗai aka rubuta, kamar yadda yake a tubalin wutar Xbox 360 na Amurka da tsohuwar PS2 mai kauri, jonawa ɗaya za ta ƙone ta.

Regilatar da ondilar ba abu ɗaya ba ne. Regilatar na daidaita kuran in ya yi sama ko ƙasa, amma in an ɗauke kuran, shi ma ya mutu. Ondilar ke da batir. PS4 na cin wat 70 zuwa 150 gwargwadon samfurinta, PS5 kusan 200, tele mai inci 32 kusan 50. Ondilar mai 650 VA zai riƙe PS4 da ƙaramar tele ƴan mintuna, kuma waɗannan mintunan na adana wasa ne da kashe na'ura, ba na ƙarasa zango ba. Mai PS5 da babbar tele ya nemi 1000 VA ko sama. Mai pano ya yi lissafi: wat 150 na awa 3 ya kama wat-awa 450, batir mai bolt 12 da 100 Ah kuwa 1200 yake ɗauka a takarda, kuma rabi kaɗai ya kamata a sha in na gubar dalma ne. Ke nan zaman awa 3 ya kusa cinye rabon daren. In gurup ne, a bar shi ya daidaita minti 2 kafin a kunna na'ura, a kuma kashe ta kafin a kashe shi.

Kada a bar PS4 a yanayin barci, lokacin da fitilarta ke ruwan lemu. Ɗaukewar kuran a wannan hali na iya lalata ajiya kamar yadda take yi a tsakiyar wasa. In hakan ta faru na'ura ta fara nauyi ko wasa ya ƙi buɗuwa, a kashe ta, a danne maɓallin kunnawa kusan daƙiƙa 7 har a ji ƙara ta biyu, a jona manet da kabul, a zaɓi "Reconstruire la base de données". Wannan ba ya goge ajiya. Wanda ke gogewa shi ne "Initialiser la PS4", kuma suna kusa da juna a jerin, don haka a karanta da kyau.

Sony ta ce PS4 ta yi aiki tsakanin digiri 5 da 35. A watan Afrilu da Mayu Yamai na haura 40, Tawa ma haka. A wannan lokaci wasa na safe ne ko na bayan isha'i. A fito da na'ura daga cikin kabad, a bar mata aƙalla santimita 10 ta kowane gefe, a ɗora ta a kan tebur maimakon tabarma ko kafet, fanka na busa ta. Da hunturu ƙura ce matsalar: a rufe ta da ƙyalle in an kashe, a cire kafin a kunna. In fankarta ta fara kuka kamar jirgi zai tashi, ƙura ta toshe hanyar iska, lokacin kai ta wurin mai gyara ya yi.

Wane wasa, da wane aboki

In ba ku taɓa yin irin wannan wasa ba kuma kuna da PS4, PS5, Xbox, Switch ko ordinatar mai ƙarfi, ku fara da It Takes Two. Kamfanin Hazelight na ƙasar Suwidin ya fitar da shi a 2021, ya kuma ci kyautar wasan shekara a bikin The Game Awards. Ba a iya buga shi mutum ɗaya sam. Miji da mata ne, Cody da May, da ke shirin rabuwa, suka wayi gari sun koma ƴan tsana. Abin da ya sa muke sa shi a gaba shi ne kowane babi yana ba ku kayan aiki daban-daban da ba su da amfani sai an haɗa. A farko Cody na harba ƙusa, May na riƙe da kan guduma: shi ya kafa ƙusa a bango, ita ta rataya ta yi lilo ta tsallake. A babin bishiya shi yana fesa ƙaro, ita tana harba ashana ta kunna shi. Gwani ba zai iya wucewa ya bar na baya ba. Mutuwa kuma ba ta da tsada, a faɗan manyan dodanni muddin ɗaya na raye ɗayan zai dawo. Wurin da sabon shiga ke wahala shi ne sandar dama mai juya kyamara. A ba shi minti 15 a zangon farko ya yi ta yawo yana juya ta, a rage saurinta a saiti in tana ruɗa shi. Wasan ya kai awa 12 zuwa 14, wato zama 6 ko 7. Nauyinsa ya doshi giga 50 a ordinatar, don haka faifai ya fi sauƙi a kan saukewa da forfe. Akwai wurin da iyayen ke halaka ƴar tsanar giwa ta ƴarsu, yara ƙanana ba sa jure shi.

Kamfanin yana da A Way Out na 2018, fursunoni biyu masu tserewa, kusan awa 6, na manya ne zalla. Yana da Split Fiction na 2025, wanda ba ya hawa PS4, kada mai PS4 ya ɓata kuɗinsa.

Overcooked wani abu ne daban. Na farko ya fito a 2016, na biyu a 2018, mutum 4 na iya bugawa, maɓalli uku ko huɗu kawai ake amfani da su, shi ya sa wanda bai taɓa riƙe manet ba yake kamawa nan take. Kicin ne, odar abinci na sauka a saman allo, lokaci na tafiya. Miyar albasa, alal misali: a yanka albasa 3, a zuba a tukunya, a jira ta dahu, a juye a faranti, a kai, farantin ya dawo da datti a wanke. In aka bar tukunya a wuta za ta fara ƙara, sannan ta kama gobara, sai an ɗauko abin kashe wuta. Kowane zango minti 3 ne zuwa 4.

Masu faɗuwa a wannan wasa kusan dalilinsu ɗaya, kowa na yin komai. Kafin a danna farawa, a dubi taswirar kicin a raba aiki: ɗaya yanka da wanke-wanke, ɗaya tukunya da kai abinci. Mai tukunya shi ke karanta oda da baki, "albasa biyu, tumatir ɗaya", don mai yanka kansa na ƙasa. A riƙa ajiye kaya a kan kantar tsakiya maimakon zagayawa da su. A na biyu ana jifa da ɗanyen kaya, har cikin tukunya kai tsaye, amma ba a jifa da faranti. Faranti ne ke fara ƙarewa, don haka duk lokacin da mai yanka ya sami sarari, wanki zai yi. A bi oda daga hagu, bin jeri na ninka tukuici. In tukunya ta dahu ba faranti, a sauke ta a ajiye gefe. Kada ku nace sai kun sami tauraro 3 a kowane zango tun farko, ku tara abin da zai buɗe na gaba, ku dawo daga baya. In manet ɗaya gare ku, wasan ya yarda a raba shi, kowa ya riƙe rabi. Sigar All You Can Eat ta haɗa biyun, tana kuma da yanayin sauƙi mai ƙara lokaci.

Masu PS3, Xbox 360 ko tsohuwar ordinatar ba a bar su a baya ba. Portal 2 na kamfanin Valve, na 2011, har yau ba mu ga wanda ya fi shi sa mutum biyu tunani tare ba. Butum-butumi biyu ne, Atlas da P-body, kowane na buɗe rami biyu a bango, ka shiga ɗaya ka fito ta ɗayan, kuma gudun da ka shiga da shi da shi za ka fito. Ramuka 4 ke nan a ɗaki ɗaya. Kada ku ce "can" ko "nan". Akwai maɓallin nuna wuri da ke sa alama a bangon da kake nufi, da agogon ƙirga 3 don ku ja sanda lokaci guda. Ku koyi waɗannan biyun tun a ɗakin gwaji. In ɗayanku ya taɓa gama wasan, ya kame bakinsa, don wanda aka faɗa wa amsa bai buga komai ba.

A waɗannan na'urori akwai Rayman Legends na 2013, inda wanda ya mutu ke zama kumfa yana shawagi har abokinsa ya taɓa shi, da wasannin LEGO da yaro zai shiga ya fita ba tare da an tsaya ba. Akwai Resident Evil 5 na 2009: kowa na da gurbi 9 na kaya, don haka ku ɗauki bindigogi iri daban kada ku yi rububin harsashi ɗaya. Na ƴan shekara 18 ne, kuma yadda ya nuna mutanen Afirka ya jawo masa suka mai tushe, ku san da haka kafin ku saya.

Cuphead na 2017 yana da kyan zane, amma ba na sabon shiga ba ne. Bugu 3 ke kashe mutum, dodanni na ƙara tauri in ku biyu ne, wanda ya mutu kuma kurwarsa ke tashi sama, sai ɗayan ya yi tsalle ya mare ta kafin ta fice daga allo. Labarinsa caca ce da Shaiɗan, wasu gidajen ba za su so shi ba. Streets of Rage 4 ya fi sauƙi, sai dai a kashe dukan juna a saiti kafin a fara.

Ƙwallon da kuka saba ma tana da wannan hanya. A PES, eFootball, FIFA ko EA Sports FC, a allon zaɓen ɓangare ku tura manet biyun gefe ɗaya, ku kara da na'ura a mataki mai wuya. In ƙwallo na hannun abokan gaba, ɗaya ya matsa wa mai ita, ɗaya ya tare hanyar bayarwa. In tana hannunku, wanda ba ya riƙe da ita shi ke da babban aiki, ya ruga fili ya buɗe.

In waya ce kawai a hannu

Minecraft na waya yana haɗa mutum biyu ba tare da an ci mega ko ɗaya ba. Ɗaya ya kunna partaj na wayarsa, ko da data a kashe, ɗayan ya shiga wannan wifi. Mai duniya ya buɗe saitinta, a ɓangaren "Multijoueur" ya tabbatar wasan jama'a da ganuwa ga ƴan LAN, wato waɗanda ke kan wifi ɗaya, duk a kunne suke, sannan ya shiga. Ɗayan zai ga duniyar a jerin duniyoyi ko a shafin abokai, gwargwadon sigarsa. In ba ta fito ba, abu uku ake dubawa: lambar siga a ƙasan allon farko ta zama iri ɗaya a wayoyin biyu, VPN a kashe, sannan a musanya mai partaj ko a sa waya ta uku ta ba da wifi. Duniyar na zaune a wayar mai masauki, in ya fita kowa ya fita, don haka waya mafi ƙarfi da batir ita za ta riƙe. A rage nisan gani in tana sarƙewa, a kunna nuna lambobin wuri don wanda ya ɓata ya iya faɗin inda yake.

Yini a wasan minti 10 ne kafin duhu, a raba shi. Ɗaya ya sari itace: gungume 1 na ba da katako 4, katako 4 teburin sana'a, katako 3 da sanda 2 diga. Da digar ya fasa dutse, guda 8 su yi murhu, a gasa gungume a sami gawayi, gawayi 1 da sanda 1 su ba da tocila 4. Ɗayan ya nemi tumaki, don gado ɗaya ulu 3 ne masu launi ɗaya da katako 3, ku kuma gado 2 kuke buƙata, dare ba ya wucewa sai kowa ya kwanta. In ulu bai samu ba, a haƙa rami a jikin tudu a toshe baki. Kada a haƙa ƙasa tsaye a ƙarƙashin ƙafa. A ajiye akwati ɗaya na kowa da kowa tun ranar farko.

Keep Talking and Nobody Explodes na 2015 waya ɗaya yake buƙata da takarda. Ɗaya na kallon bam a allo, ɗaya na riƙe da littafin kwance shi, ba mai ganin na wani. Littafin kyauta ne, akwai shi da Faransanci, a buga shi a wurin fotokofi. Bam na farko minti 5 ne, kuskure 3 ya tashi. Mai bam ya fara da karanto adadin batura da lambar ƙarshe ta siriyal, don tambayoyi da yawa a kansu suke. Alamomin da ba su da suna ku raɗa musu naku da Hausa ko Zabarmanci, "ƙugiya", "kujera", "mai wutsiya", kuma kada a canza. BombSquad ma na tafiya da wifi na gida, har waya na iya zama manet.

In dole sai ta intanet

Bugawa ba ta cin data sosai, ƴan gomomin mega ne a awa. Saukewa da mizajur, wato sabunta wasa, ke cin giga, don haka a kashe saukewar kai-tsaye a saitin na'ura kafin a jona ta da partaj. Abin da ke lalata wasa jinkiri ne, wanda ake aunawa da ping. Yawancin sabobin, wato manyan na'urorin da ke haɗa masu wasa, suna Turai, daga nan ping kan haura 100. Overcooked, Minecraft da Stardew Valley na jure haka, wasan harbi da na tsalle suna wahala. A gwada layukan da ke hannu, Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecom, a daidai ɗakin da za a zauna kuma a daidai lokacin da za a buga, don rezon unguwa da rana daban yake da na bayan magariba. A ajiye wayar partaj kusa da taga, a kan caji, a cire kowa daga wifi ɗin.

A PlayStation a yi gwajin intanet a dubi nau'in NAT, lambar da ke nuna sauƙin haɗuwar na'urarka da ta wasu. Layin waya kan ba da nau'i na 3, kuma mutum biyu masu nau'i na 3 sukan kasa ganin juna a wasannin da ke haɗa na'ura da na'ura kai tsaye. In ɗayanku na da nau'i na 2, shi ya buɗe ɗaki. A PS4 da PS5 wasan kuɗi na buƙatar PlayStation Plus, wato rajistar Sony da ake biya, ga kowannenku, wasan kyauta irin Fortnite ba ya buƙata. Ƙasar da aka zaɓa ranar buɗe asusu ba ta canzuwa, katin kuɗi kuma sai na wannan ƙasar: asusun Faransa, katin Faransa.

Hanyoyi biyu na rage kashe kuɗi. Wasannin Hazelight na da "Pass Ami": ɗaya ya saya, ɗayan ya sauke sigar kyauta ya shiga ta gayyata. A It Takes Two sai na'urorinku sun zama dangi ɗaya, PS4 da PS5 na haɗuwa, PlayStation da Xbox ba sa haɗuwa. A Steam, shagon wasannin ordinatar, akwai Remote Play Together tun 2019, inda mai wasan ke gayyatar abokin da bai saya ba, amma hoton bidiyo yake aikawa, yana shan data kamar kallon fim.

Masu Free Fire da PUBG Mobile su zaɓi yanayin mutum biyu, su sauka wuri ɗaya, kada tazararsu ta wuce gudun daƙiƙa 10. In aboki ya durƙusa, a kawar da mai harbin ko a kafa kariya tukuna, sannan a tada shi. Wasan intanet ba ya tsayawa, zagayen Free Fire kusan minti 10 ne, na PUBG na iya kai 30, don haka a dubi agogo kada kiran salla ya same ku a tsakiya.

Zaman kansa

Tafiya da saurin wanda bai iya ba ake yi. Gwani kada ya karɓi manet daga hannun abokinsa da sunan "bari in wuce maka nan", daga ranar ɗayan ya zama ɗan kallo. In wuri ya gagara sau 5 ko 6, a tsaya a sha shayi, ko a musanya aiki, ko a rage wahala a saiti, ba abin kunya ba ne. Magana ta zama gajera kuma kafin aiki: "zan danna, ɗaya, biyu, uku". A allon da aka raba, hagunka ba hagunsa ba ne, a kira abu da launinsa ko sunansa. In a fada ake bugawa, ƴan kallo su yi haƙuri da ba da amsa a wasannin tunani.

Wasa mai labari ku yi alkawari ba mai ci gaba shi kaɗai ko da wani. Ajiya yawanci a sunan mai manet na farko take, don haka kullum da wannan sunan za a buɗe. In a gidan wasa kuke bugawa ko na'urar aro ce, ku zo da kile ɗin USB da aka tsara a FAT32 ko exFAT. A PS4, a saiti, a shiga wurin kula da bayanan da aka adana, a zaɓi na cikin na'ura, a kwafe zuwa kile bayan kowane zama. Ajiyar ba ta buɗuwa sai da asusun da ya yi ta. PS5 kuwa ba ta yarda a kwafe ajiyar wasanninta zuwa kile, sai ta PlayStation Plus, don haka a can ku roƙi mai gidan wasan ya bar muku sunanku a kan na'ura ɗaya kada a goge shi.